Girkawa ba sa hannu: ta yaya na'ura za ta san faifan da ya kamata ta goge?

DanKebul:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. An damƙa mini kwamfutoci 46 in girka musu Debian 12, wato wani nau'in tsarin Linux, kuma ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Akwai tsofaffin na kan tebur masu faifai ɗaya mai juyawa, akwai masu guda biyu, wato ƙaramin SSD da babban faifan ajiya, akwai laftof masu NVMe (wani nau'in SSD mai sauri), sai wasu 'yan ƙanana guda shida masu eMMC (ma'ajiyar da aka manne a jikin madabod). Na rubuta preseed, wato fayil ɗin da ke amsa tambayoyin mai girka Debian da kansa, na ɗora a sabar, kowace kwamfuta ta tashi ta netwok ta girka kanta ban taɓa madanni ba. A ciki na ce partman-auto/disk, wato faifan da za a girka a kai, ya zama /dev/sda.

Goma sha ɗaya na farko lafiya lau. Ta sha biyu, mai fayafai biyu, sai ta share babban faifan da mai ita ke ajiye aikinsa ta zuba Debian a kai, ta bar SSD ɗin ko taɓa shi ba ta yi ba. Allah Ya sa akwai kwafi. Laftof kuwa tsayawa suke yi suna jiran in zaɓa da hannu, don ba su da wani abu mai suna sda. Shin akwai hanya ɗaya da zan rubuta ta yi aiki a kan dukkansu, ko dole sai kowane iri da nasa fayil?

Mai_Fomat:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa ƙungiyar waɗanda sda ya taɓa ci. Kujerarka na can gaba, mun daɗe muna jiranka.

Injiniya_Tsoho:
Ɗan'uwa, matsalarka daga fahimtar sunan ta faro. Ka ɗauka sda sunan wani faifai ne takamaimai. Ba haka ba ne. Lambar layi ce kawai: wanda ya fara amsa kiran kenel, wato zuciyar Linux, lokacin tashi shi ke karɓar "a", na biye ya karɓi "b". Da can jerin yakan bi ramukan madabod, shi ya sa muka shekara muna rubuta sda muna tsira. Daga kenel 5.3 binciken fayafai irin na SCSI, har da SATA da USB da ke bi ta hanyar, ya koma ana yin sa lokaci guda ba bi da bi ba, don haka kwamfuta ɗaya tana iya ba ka jeri daban yau da gobe ba tare da ka kwance ko kusa ɗaya ba. Debian 12 kenel 6.1 take amfani da shi, ka ga kana ciki tsundum.

Kuma kada ka ɗauka NVMe ya tsira. In akwai guda biyu, nvme0n1 da nvme1n1 su ma sukan yi musayar suna.

Sabon_Shiga22:
Gafara Malam, ni ɗalibi ne. To ba sai a yi amfani da lambar shaida ta UUID ba? An koya mana cewa shi ba ya canzawa.

Injiniya_Tsoho:
@Sabon_Shiga22 tambayarka a kan hanya take. UUID da ka gani a fstab, fayil ɗin da ke jera fayafan da za a haɗa lokacin tashi, na tsarin fayil ne, ana haifarsa lokacin da aka yi fomat. Mu kuma muna magana ne kafin fomat. Sabon faifai da aka ciro daga kwali ba shi da shi, wanda ke da shi kuma za mu share shi ne yanzun nan. Abin da ke nan tun kafin a rubuta komai shi ne /dev/disk/by-id, da ke ɗauke da samfuri da lambar siriyal ko WWN, da /dev/disk/by-path, da ke faɗin ramin da aka soka faifan.

Hajiya_Sabar:
@DanKebul a cikin misalin preseed da Debian kanta ta fitar akwai layin da aka yi don irin wannan:

d-i partman/early_command string debconf-set partman-auto/disk "$(list-devices disk | head -n1)"

Zai magance maka laftof da masu eMMC, tunda ba ruwansa da ko sunan sda ne ko nvme0n1 ko mmcblk0. Amma ka lura, "na farko a jeri" yake ɗauka, ke nan bai taɓa matsalar masu fayafai biyu ba. Amfaninsa na gaske shi ne ya nuna maka ƙofar: a early_command kana iya gudanar da duk rubutun umarnin da ka so kafin a fara rarraba faifai. Can za ka zuba hikimarka. Kuma duk abin da ka zaɓa, ka saka shi a grub-installer/bootdev ma, in ba haka ba tsofaffin masu BIOS za su girka tsarin a faifai ɗaya, GRUB, mai tayar da tsarin, ya tafi wani.

DanKebul:
Na gode Hajiya. Na taɓa ganin layin amma ban gane amfaninsa ba. Yanzu tambayar ita ce wace ƙa'ida zan rubuta a ciki. Tunanina in ce ya ɗauki mafi ƙanƙanta, tunda a masu biyun SSD shi ne ƙarami.

Mai_Fomat:
Mafi ƙanƙanta? Haka na yi a wani aiki. Ashe wani bawan Allah ya manta filash ɗinsa mai 16GB a bayan kwamfuta, inda ido ba ya kai. Da yake ta netwok muke tashi, mai girkawa bai ɗauke shi a matsayin nasa ba, faifai ne kamar kowane. Ya share shi tas ya zuba tsarin a ciki, kwamfuta ta tashi garau, kowa na murna. Bayan kwana biyu mutumin ya zo ya zare kayansa, kwamfuta ta mutu a tsaye. Biyu babu: ba tsari, ba takardunsa.

Abu_Rack:
Ban da filash ma, akwai laftof da aka yi da ɗan guntun Optane mai 16GB ko 32GB a matsayin mataimakin babban faifai. In kwanturolan bai haɗe su ba, Linux na ganinsa a matsayin NVMe mai zaman kansa. Ba ya juyawa, ba USB ba ne, kuma shi ne ƙarami. Duk sharaɗin da ka gindaya ya cika, amma ba shi kake nufi ba. Dole ka sa ƙasan da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

Zarah_DevOps:
Abin da ke ba ni dariya shi ne manyan ma ba su daidaita ba. Autoinstall, takwaran preseed a Ubuntu, wanda ya zo da 20.04, in ba ka ce komai ba mafi girma yake ɗauka. Ironic na OpenStack, mai girka tsari a kan sabar, shi kuma in ba ka ba shi alama ba mafi ƙanƙanta yake ɗauka, matuƙar bai gaza 4GiB ba. Ɗaya ya duba gabas ɗaya ya duba yamma, kuma kowanne da hujjarsa. Ubuntu na tunanin mai kwamfuta ɗaya da filash a jiki, Ironic na tunanin sabar mai ƙaramin faifan tsari da manyan fayafan ajiya goma sha biyu. Ke nan babu wata ƙa'ida da ta sauko daga sama, kowa yanayin kayansa ya duba.

A Ubuntu dai an sauƙaƙa, a ƙarƙashin match kana iya rubuta ssd: true da size: largest tare, ko ka ba da serial ko model ko path da tauraro a ƙarshe. Ba sai ka rubuta komai da hannu ba.

DanKebul:
@Zarah_DevOps da zaɓina ne da na duba, amma Debian aka ce.

Baba_Unix:
Ku yi haƙuri da tsoho, zan ɗan yi tsawo.

Duk waɗannan da kuke lissafawa, mafi girma, mafi ƙanƙanta, wanda ba ya juyawa, canki-canka ne da aka sa wa riga. Yana ci sau tara, na goma ya cinye ka. Ni abin da ya koya mini hankali wata sabar ce da aka ce in sake girka mata tsari, tana haɗe da ma'ajiyar waje ta SAN ta kebul ɗin fayiba. Kickstart ɗina, wato takwaran preseed a ɓangaren Red Hat, yana da clearpart --all, ban ƙayyade masa faifai ba, ban kuma sa ignoredisk --only-use ba. A idon mai girkawa, kowane yanki da ma'ajiyar ta miƙo wa sabar faifai ne kamar na cikin gida. Ina zaune ina kallon allo yana tafiya, sai wayar teburina ta fara ƙara. Teburin fatishan na yankuna huɗu ya tafi. Mun dawo da su, amma daren nan ban ga gadona ba, kuma har yau in na ga kalmar --all sai gabana ya faɗi.

Tun daga ranar tsarina biyu ne. Na ɗaya, sabar da ke da hanyar zuwa ma'ajiyar waje, ko a zare kebul ɗin, ko a rufe mata ƙofa daga can, ko in hana direban katin tashi da modprobe.blacklist a layin but, wato layin umarnin tashi, lpfc ko qla2xxx gwargwadon katin. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ba na barin na'ura ta yi hasashe. Kowace kwamfuta ana fara tashinta da ɗan ƙaramin tsari da ba ya rubuta komai, ya tattaro siriyal ɗinta da na fayafanta ya turo. Mutum ya duba ya ce wannan ne. Ranar girkawa, rubutun ya tambayi dmidecode siriyal ɗin kwamfutar, ya duba jadawali, ya ɗauki faifan ta by-id. Bai same shi a jadawali ba, ya tsaya. MAAS ma, manhajar Canonical ta girka sabar, ai haka yake, sai ya yi wa na'ura rajista ya san kayan cikinta kafin ya yarda ya girka mata komai.

Kwamfuta 46 ba yawa ba ne, ɗana. Yini ɗaya ya ishe ka yin jadawalin.

Abu_Rack:
Baba, da girmanka, amma nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Jadawali yana da kyau ranar da aka rubuta shi. Bayan wata shida faifai ya mutu, wani yaro ya canza shi da dare bai gaya wa kowa ba, siriyal ya canza, girkawa ta tsaya, kuma wanda ya san inda jadawalin yake ya tafi hutu. A wurin da kayan iri ɗaya ne ni by-path na fi so. Ramin farko na kwanturola shi ne na tsari, ko wane faifai aka soka a ciki. An canza faifai, ba abin da ya shafe ni.

Baba_Unix:
@Abu_Rack tsayawar da kake kuka da ita ita nake biya. Girkawa ta tsaya, an kira ni, na ɓata minti goma. Wancan kuwa na ɓata dare. Amma na yarda da kai a kan by-path in samfurin sabar ɗaya ne. Shi mai tambaya ai tarkace aka tara masa, adireshin PCI na kowace madabod daban.

Ummu_Data:
Kuma by-path ɗin ma yakan motsa. Ka ƙara kati a wani ramin PCIe, a wasu madabod lambobin sai su gusa. Na gani da idona bayan an ƙara katin hoto.

Window_Boy:
Ku 'yan Linux kuna ta kuka kamar ku kaɗai ne. Mu ma 'yan Windows a autounattend.xml, takwaran preseed ɗinku, haka muke fama: DiskID 0 da WillWipeDisk true, sai addu'a. Microsoft da kansu sun rubuta cewa lambar faifai ba abar dogaro ba ce a na'ura mai fayafai da yawa, suka ce a yi amfani da hanyar wurin, wadda za ka gani in ka buga detail disk a diskpart, mai farawa da PCIROOT. Daidai take da by-path ɗinku. A kwamfuta mai NVMe da SATA tare, sau da yawa na SATA ne ke zama 0, wato babban faifan ajiya, irin dai abin da ya sami DanKebul. Mu abin da muke yi, a WinPE, ƙaramin Windows ɗin da ake girkawa da shi, mu gudanar da PowerShell, Get-PhysicalDisk ya ba mu BusType da MediaType, mu zaɓa, mu zuba lambar a OSDDiskIndex kafin matakin rarrabawa. Sai dai sai ka ƙara kayan PowerShell da na StorageWMI a hoton WinPE ɗin, ba sa zuwa a ciki.

Mai_Fomat:
@Window_Boy wa ya gayyato ka? Amma zauna, ciwon ɗaya ne.

Window_Boy:
Na zauna. Ƙari ɗaya: wani lokaci ba zaɓin ne ya kuskure ba, faifan da kake so ne sam bai bayyana ba. Laftof da yawa daga ƙarni na 11 na Intel suna zuwa da VMD, wata fasahar Intel ta kula da fayafan NVMe, a kunne, in hoton girkawarka ba shi da direban, NVMe ɗin ba ya cikin jeri. To me ya rage a matsayin Disk 0? Duk abin da ke soke a jiki.

Hajiya_Sabar:
Wannan gaskiya ne, kuma yana da ɗan'uwa a ɓangarenmu. Wasu laftof in an bar su a yanayin RAID (haɗa fayafai su zama ɗaya) na Intel RST a BIOS, Linux ba ya ganin NVMe ɗin sai an mayar da su yanayin AHCI. Shi ya sa ƙa'idar "in ba NVMe ka koma kan na gaba" take da haɗari. Rashin ganinsa ba ya nufin babu shi.

@DanKebul ga yadda zan tsara in ni ce, tunda ka ce kayan sun bambanta kuma na san ba lalle ka bi ta jadawalin Baba ba. Kada ka fara da tambayar wanne zan ɗauka. Fara da wanne ba zan taɓa ɗauka ba. Ka bi /sys/block ɗaya bayan ɗaya. Ka zubar da loop da ram da sr da dm. Ka zubar da mmcblk0boot0 da mmcblk0boot1, ƙananan yankuna ne na eMMC masu 'yan megabait, ba wurin girki ba. Ka zubar da duk wanda readlink -f ya nuna akwai usb a hanyarsa. Ka zubar da duk wanda bai kai girman da ka yanke ba. Abin da ya rage su ne 'yan takara. In ɗaya ne, shi ke nan. In sun fi ɗaya, ka fifita wanda queue/rotational ɗinsa 0 ne, wato wanda ba ya juyawa. In bayan haka har yanzu biyu ne, ko babu ko ɗaya, kada rubutun ya yi wayo, ya tsaya ya bar maka allon zaɓi.

Hattara da fayil ɗin size: adadin sassa ne masu bait 512, ba bait ba, ko da faifan na 4K ne. Kuma mai girka Debian busybox ne a ciki, wato taƙaitattun umarnai, kada ka gwada rubutun a kwamfutarka da bash ka ɗauka zai yi a can. Danna Alt da F2 lokacin girkawa ka gwada a ainihin wurin.

Sabon_Shiga22:
Hajiya me ya sa ba za a duba fayil ɗin removable kawai ba maimakon neman usb a hanya? Na ga yana nan a /sys/block.

Hajiya_Sabar:
Saboda ƙarya yake yi, ƙanena. Filash na yau da kullum yakan ce 1, amma faifan waje ko SSD da ke cikin akwatin USB yawanci 0 yake cewa, kamar na ciki. Kuma irin waɗannan ne mutane ke ajiye kwafin aikinsu a kai.

Zarah_DevOps:
Rotational ma ba waliyyi ba ne. A na'urar kwaikwayo, faifan vda yakan ce yana juyawa alhali a kan SSD yake zaune. Bayan katin RAID ma haka, kwanturolan ya haɗa SSD biyu ya miƙo su a matsayin faifai ɗaya mai rotational 1. In ka rubuta "dole SSD" rubutunka zai ƙi sabar mafi tsada a ɗakin. A yi amfani da shi wajen raba gardama tsakanin biyu, kada a mai da shi sharaɗin shiga.

Kwamandan_Grep:
Tunda ana maganar cire USB, bari in tona asirin wani layi da ke yawo, kowa na kwafa. Ana samo sunan filash da list-devices usb-partition a zuba a USBDEV, sannan a ce list-devices disk | grep -v "$USBDEV" | head -1. In akwai filash a jiki, yana aiki. In babu, kamar mai tashi ta netwok, USBDEV fanko ne, kuma grep -v da fanko yana zubar da kowane layi, don fanko ya dace da komai. Sakamako: babu faifai ko ɗaya. Na kwana biyu ina zargin kwanturola kafin na gano. In filash ɗin na da fatishan biyu ko an soka guda biyu, nan ma wani labarin ne.

DanKebul:
Wallahi wannan layin yana buɗe a wani shafi a gabana yanzu haka, saura kaɗan in kwafa. Allah Ya saka.

Injiniya_Tsoho:
Wani abin da ba a ambata ba: lokaci. Rubutunka na iya gudana kafin duk fayafai su gama bayyana, musamman masu juyawa da ke ɗaukar daƙiƙoƙi kafin su kai gudunsu, ko na bayan katin RAID. Sai ya ƙirga ɗan takara ɗaya ya ce babu gardama, alhali na biyun na tafe. Ka sa udevadm settle a gaba, ni har ɗan jira nake ƙarawa in sake ƙirgawa, in lissafi biyun bai zo ɗaya ba in sake.

Ga masu Kickstart da ke karatu a ɓoye, duk wannan a %pre ake yi, a rubuta sakamakon a wani fayil a /tmp, a jawo shi da %include. Kuma sunan faifan ya shiga wuri uku: ignoredisk, clearpart, da bootloader. Mutane na sa biyu su manta ɗaya.

Ummu_Data:
Ni tambayata ga masu cewa a fifita SSD: wa ya ce SSD ɗin ne babu komai a kai? Na taɓa karɓar kwamfutoci da masu su suka mai da SSD wurin aikin yau da kullum, tsarin kuma yana kan tsohon faifai, don haka aka sayo su aka ƙara SSD daga baya. Ƙa'idarku za ta zaɓi daidai abin da ba a so a taɓa. Ni nawa rubutun yana duba ko faifan na da wani abu a kai. In blkid ya ga tsarin fayil, ba ya gogewa sai an ba shi izini a layin but, kalma ɗaya da na ƙirƙira. Sabuwar na'ura ta wuce salin alin, tsohuwa sai mutum ya ce eh.

Abu_Rack:
@Ummu_Data to ai sabbin kwamfutoci ma da Windows a kai suke zuwa daga kamfani. Ke nan kullum sai kin ba da izinin, bayan sati ɗaya wani zai gaji ya saka kalmar a menu na dindindin, an koma gidan jiya.

Ummu_Data:
An yi hakan kuwa, ba zan ɓoye ba. Na cire, aka sake sakawa. Yanzu menu biyu ne, mai gogewar yana ƙasa kuma ba ya tashi da kansa sai an zaɓe shi.

Mai_Fomat:
Ni fa maganin da bai taɓa ba ni kunya ba shi ne sukudireba. Buɗe kwamfuta, zare kebul ɗin faifan ajiya, girka, mayar. Babu rubutun da ya kai wannan.

Zarah_DevOps:
@Mai_Fomat sai ranar da aka ce maka sabar ɗin tana wata ƙasa kuma ta allon nesa kawai kake ganinta. Af, wannan ma ya tuna mini: faifan kwaikwayo da iDRAC ko iLO, kayan sarrafa sabar daga nesa, ke haɗawa yakan bayyana a matsayin na USB, wani lokaci ya karɓi suna irin sda ko sdb da girman sifili. Sharaɗin girma da na usb da Hajiya ta faɗa suna kama shi, amma mai head -n1 zai sha mamaki.

Baba_Unix:
Kun ga dai, tun ɗazu kowa na kawo ramin da ƙa'idar wani ta faɗa. Filash, Optane, eMMC, RAID, VMD, faifan nesa. Gobe za a ƙero wani abin da babu wanda ya lissafa a nan. Ba na cewa rubutun Hajiya ba shi da kyau, ya fi yawancin waɗanda na gani, musamman da ta ce ya tsaya in ya rikice. Amma har yanzu na'ura ce ke yanke hukunci a kan kayan mutane.

Hajiya_Sabar:
Baba, jadawalin ma mutum ne ke cika shi, kuma mutum na kwafar siriyal ɗin da ba shi ba ƙarfe biyun dare. Ni na fi yarda da haɗa su: in na'ura na cikin jadawali a bi jadawali, in ba ta ciki a bi ƙa'ida, kuma ko wanne aka bi a rubuta samfuri da siriyal da girman faifan da aka zaɓa a tura wa sabar kafin a taɓa shi. Ko ba komai in an yi ɓarna za a san ina aka yi ta.

Sabon_Shiga22:
Tambaya ta ƙarshe don Allah. In an zaɓi faifan daidai, shi ke nan an gama?

Kwamandan_Grep:
Saura ƙura. In rubutunka na haɗa sunan fatishan da kansa, ka tuna sda na ba da sda1, amma nvme0n1 na ba da nvme0n1p1, mmcblk0 kuma mmcblk0p1. Sannan tsohon faifai na iya ɗauke da ragowar LVM (tsarin haɗa fayafai rukuni-rukuni) ko RAID na mdadm, mai girkawa ya gan su ya tayar da su, faifan ya zama a riƙe ya ƙi goguwa. A preseed akwai partman-lvm/device_remove_lvm da partman-md/device_remove_md don haka. Amma ka yi tunani kafin ka kunna su a na'ura mai fayafai biyu: in tsohon rukunin LVM ya ratsa duka biyun, rushe shi ya shafi wanda ka ce kada a taɓa. Kuma faifan da ya wuce 2TiB sai teburin fatishan irin na GPT.

DanKebul:
Jama'a na dawo da rahoto. Na bi tsarin Hajiya, na sa ƙasan girma 28GB saboda masu eMMC ɗin 32GB ne kuma abin da suke nunawa bai cika 32 ba. Na ƙara jiran da Injiniya ya ce, na kuma sa ya turo mini abin da ya zaɓa. Kafin in bar shi ya goge komai, na fara zagaye ɗaya da rubutun yana faɗin zaɓinsa kawai ya kashe kwamfutar, ka ga Baba ma ya samu rabin jadawalinsa ba da niyya ba.

Cikin 34 da suka rage, 30 zaɓin ya yi daidai. Laftof biyu sun ce babu ɗan takara, na shiga BIOS na tarar da su a RAID, na mayar AHCI suka wuce. Ɗaya tana da SSD biyu masu girma ɗaya, ta tsaya kamar yadda aka umarce ta, na zaɓa da hannu.

Ta ƙarshen ce ta ɗaure mini kai. Ƙaramar mai eMMC ce, wani ya soka mata katin SD mai 64GB a gefe. Ba ta USB ramin yake bi ba, don haka ya fito a matsayin mmcblk, ba ya juyawa, ya wuce 28GB. Rubutun ya ga biyu ya tsaya, ban yi asara ba. Amma wa ya san yadda ake bambance katin SD da eMMC daga /sys ba tare da na je na zare shi ba?

Abu_Rack:
Duba device/type a ƙarƙashin sunansa a /sys/block. Na ciki zai ce MMC, katin zai ce SD.

Zarah_DevOps:
Ko ka duba wanne ke da boot0 da boot1 a gefensa, katin SD ba shi da su. Waɗanda Hajiya ta ce ka zubar ɗazu, ga ranarsu ta zo.

Baba_Unix:
Rami na bakwai ke nan, ina ƙirgawa.

DanKebul:
Baba ƙirga da kyau, akwai wasu 20 da aka ce za a kawo wata mai zuwa kuma ban san me ke cikinsu ba. @Abu_Rack zan gwada device/type da safe in faɗa muku abin da ya nuna.